Awaki a Tsohuwar Masussuka

Ku yaran yanzu, ƙafa gare ku, ba ido. Duk abin da bai kai gwiwarku ba sai ku taka ku wuce. To, ku zauna. Mai tauna ya haɗiye. Zan ba ku labarin wani yaro na ƙauyenmu. Ba zan faɗi sunansa ba, don uwarsa tana da rai.

A saman ƙauyen akwai tsohuwar masussuka mai katangar duwatsu. An daɗe da daina sussuka a can. Ƙasar busasshiya ce, duk tsakuwa. Amma nan ne kaɗai hamomili yake fito mana. Ɗan tsiro ne, bai wuce taƙi ba, furensa fari, tsakiya rawaya.

Shekara ɗaya yake yi ya mutu. Ba ya barin saiwa, iri kawai yake zubarwa.

Idan ya yi fure, mata sukan tsinke rabi su shanya. Da shi ake dafa wa jariri ruwa in cikinsa ya murɗa. Da shi tsofaffi suke wanke ido. Ɗaya rabin kuwa ba a taɓawa sai ya zubar da iri. Tsohuwa Argiro, wadda ta fi kowa shekaru, ita take kafa sanda da jan ƙyalle a ƙofar wurin. Muddin ƙyallen yana nan, dabba ba ta shiga.

Shi yaron nan, aikinsa kai awaki kan dutse in an tashi makaranta. A cikinsu akwai tasa, sunanta Kanela. Uwarta ta mutu tana ƙarama, shi ya raine ta da kwalbar madara. Har 'yar ƙararrawa ya ɗaura mata.

Wata rana abokinsa Sifis ya tare shi a hanya.

"Yaran ƙauyen gangare sun zo buga ƙwallo. Babu mai tsaron gida."

"Awaki zan kai."

"To, sarkin awaki, a gaishe su. Zan ce musu tsoro ka ji."

Yaron ya dubi dutse, ya ga nisa. Ya dubi masussuka, ga katanga a zagaye, ƙofa ɗaya. Ya tura awakin ciki, ya toshe ƙofar da ƙaya. Sandar Argiro ma ya tuge ta, ya tafi da ita fili, suka yi turken raga.

Sun ci wasan. Da ya dawo da yamma, babu fure ko ɗaya a masussuka. Abin da awakin ba su ci ba sun tattake. Kanela ta taho tana lasar baki.

A lokacin ko tsinkar farko ba a yi ba.

Da ya shiga gida, uwarsa ta sunkuya ta shinshina bakin akuyar.

"Ina ka kai su?"

"Kan dutse, Inna."

"Dutsen da ke ƙamshin hamomili? Dube ni!"

Sai ga Argiro a bakin ƙofa, riƙe da jan ƙyallen, duk ƙura. Ba ta yi faɗa ba.

"Ɗan nan," ta ce, "ba na bana kaɗai ka ci ba. Ka ci har da na baɗi."

Washegari a makaranta yara suka dinga yi masa kukan akuya. Sifis ne ma kan gaba. Malam Lefteris ya buga tebur, ya kira shi.

"Me ya sa ka yi haka?"

"Malam, ciyawa ce fa. In an yi ruwa za ta sake fitowa."

"Daga ina?"

"Daga ƙasa."

"Wa zai sa mata iri? Kai, ko awakinka?"



Da sanyi ya shigo, uwarsa ta haifi mace, aka sa mata Fotini. Ciki ya sa jaririyar a gaba. Sai ta naɗe ƙafafu ta yi ta tsala ihu har fuskarta ta yi ja. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar birni. Uwar ta girgiza tulun hamomili, ba komai sai gari.

"Ɗauki kofi ka je maƙwabta," ta ce.

Ya bi gida-gida. Kowa ya nuna masa tulu wayam. Matar mai gasa burodi ta ce, "Je ka tambayi Kanela, ita ta ajiye mana."

Argiro ya samu zaune bakin murhu, idanunta sun kumbura, suna ruwa. Ta ba shi ɗan tsinken da ya rage mata.

"Kaka, ke fa?"

"Ni na ga duniya. Kai wa yarinya."

Bai kai mako ba ya ƙare. Fotini ta rayu, amma ta rame. Yaron ya yi ta goyonta yana zagaya ɗaki, tana kuka a kunnensa.

Da lokacin fure ya zagayo, ya hau masussuka. Ruwa ya wanke ƙasar da kofato ya tone. Tsiro ɗaiɗai ne a gindin katanga, ko tafin hannu ba za su cika ba.

Ubansa ya ce, "A bayan dutse akwai wani makiyayi, Manusos. Yana da hamomili a fegensa. Zai ba da iri."

"To, Baba, mu je."

"Kai za ka. Kuma ba kyauta ba. Akuya yake so."

"Wacce?"

Igiyar Kanela kawai uban ya miƙa masa.

"Baba, a ba shi baƙar akuyar mana! Ta fi ƙiba!"

"Baƙar tawa ce. Ni na tuge sanda?"

Shi da kansa ya ja Kanela ya haye dutsen. Ya dawo da 'yar jakar busassun furanni. Duk bazara ya yi ta ɗaukar ƙasa a kwando yana zubawa a masussuka. Da aka yi ruwan farko, ya watsa irin, Argiro tana nuna masa da sanda.

Hamomili ya dawo, fari fat. Fotini ta yi ƙiba. Har yau shi yaron nan ne yake kafa jan ƙyallen.

To, ku ji da kyau. Abin da kuka ga manya sun kewaye, ko ƙanƙane ne, ku tambaya kafin ku taɓa.

Kanela kuwa, Manusos ya yanka ta da bikin Ista. Ƙararrawar kawai ya aiko wa yaron.