Hayaƙin Gurup a Bakin Marina

Rana ta faɗa bayan gonakin hatsi, ladan bai gama kiran magariba ba, sai fitilun gari suka yi ja, suka dushe, suka mutu gaba ɗaya. Can bayan gari gurup, wato babban janareta, ya yi tari sau biyu, ya kama ruri. Kwana goma sha ɗaya ke nan a jere ana haka.

Garin ƙarami ne, a kan hanyar Dungass zuwa Dogo-Dogo. Shekara biyu da suka wuce aka kafa masa fanno masu ɗaukar hasken rana, da ɗakin batura, da gurup mai shan man gazuwal don ranar larura. Dokar guda ce, kowa ya san ta. Injin niƙa, walda da firigo, wato firiji, da rana, lokacin da fanno ke cika batura. Daga magariba sai fitila, fanka da cajin waya, sai firigon allurai na ɗakin shan magani. In aka kiyaye, batura na kai gari asuba ba a taɓa gurup ba.

Alhaji Muttaƙa, ɗan kasuwa kuma shugaban kwamitin wutar, yana zaune a tsakar gidansa lokacin da duhun ya sauka. Ya ja tsaki mai tsawo.

"Ƙauyawa ba su san wutar kuran ba," ya ce wa matarsa Balaraba. "An ba su fitila, sun ɗauka rana aka mallaka musu. Shi kuma Sirajo, makanikin babur, an damƙa masa aikin da ya fi kansa."

Sirajo shi ne mai kula da injunan, dattijo ne mai shiru, ya yi kwana da kwanaki yana bin gida gida yana neman inda wutar ke zurarewa. Gidan shugaba kaɗai bai shiga ba.

Alhaji bai rufe baki ba dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin baya, inda firigo biyu na ƙanƙararsa suke. Na biyu ya biyo, na uku ya mirgino har gefen tabarma. Balaraba ta ɗauka ta yar da sauri. Dutsen da ɗumi, shuɗi ne kamar an tsoma shi a baba, kuma yana warin marina. Rabon da a yi rini a garin nan an fi shekara arba'in.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. Gurup na tashi, duwatsu na sauka. Daga ɗakin baya ana jin tari, busasshe, irin na tsohuwa. Ƙanƙarar da aka fitar da safe tana ɗanɗanon hayaƙi, masu saye suka fara dawo da ita. Alhaji ya ce hassadar matsiyata ce, ya hana kowa a gidan faɗa a waje.

Ran na biyar, ɗiyarsa Juwairiyya, wadda ke ƙulla ruwan ƙanƙara a leda, ta shiga ɗakin da almuru ba ta fito ba. Uwar ta same ta zaune a ƙasa, bayanta jingine da firigo, tafin hannuwanta sun yi shuɗi, tana wannan tarin. Aka kai ta ɗakin shan magani, ba a ga komi ba. Kwana uku ba ta ci, ba ta magana. Balaraba ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika garin Mallawa aka ɗauko Goni Faruku.

Goni ya iso bayan la'asar a bayan babur, tsoho siriri mai farin gemu. Ya dubi yarinyar, ya dubi hannuwanta, ya ce a jira faɗuwar rana. Labari ya riga ya fita, maƙwabta suka cika zaure, Sirajo na cikinsu.

Da ya sallame salla ya zauna kusa da kanta ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Fitilu suka mutu. Gurup ya tashi. Juwairiyya ta toshe kunnuwa, ta banƙare, sai wata murya ta fito daga bakinta, tsohuwa, mai kaushi.

"Ya isa, Goni. Karatunka na ƙona ni, ni ma musulma ce."

"Wace ce ke?"

"Mai marina. Ina cikin ramukan nan tun kafin kakan wancan Alhajin ya mallaki jaki."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba komi. Kwana biyar ina jifan ubanta, ya ce hassada ce. Wanda ba ya jin dutse sai a yi masa magana ta bakin ɗiyarsa."

"Wannan zalunci ne, kin sani."

Muryar ta ce da aka kafa fanno a kan ramukanta ba ta ce uffan ba, don ba su da ƙara, jikokinta ma na shan inuwarsu. Gurup sau ɗaya a wata ta jure. Amma yanzu kullum, daidai lokacin fitowarsu, ake tura musu baƙin hayaƙi cikin rami, ga jaririya da ba ta iya numfashi.

"Sai na bi zafin waya a ƙarƙashin ƙasa. Kowane gida wayarsa na shiga kwantar, akwatin da ke yanke wa mutum wuta in ya wuce rabonsa. Guda ɗaya ce ta kewaye ta bi ta gindin katanga. Ga ta nan a ƙarƙashina, tana ciyar da akwatunan sanyi dare da rana."

Alhaji ya miƙe tsaye, hularsa a karkace. "Ƙarya take yi! Aljani ai maƙaryaci ne, Goni!"

"Galibinsu haka suke," in ji Goni. "A kawo fartanya."

Sirajo ne ya haƙa. Bai kai kamu ɗaya ba baƙar waya mai kauri ta bayyana. Ya ɗaga ta a hasken tocila. Daga zaure wata mata ta ja tsaki.

"A fitar da gurup daga garin," in ji muryar.

"Ba za a yi ba," in ji Goni. "Mata na haihuwa a ɗakin shan magani, ga allurai."

"To, kada ya tashi tsakanin magariba da lisha."

Goni ya dubi Sirajo. Sirajo ya ce in aka yanke wayar nan batura sun isa, sai dai ranakun hadari da damina.

"Ranakun nan a juya bututun hayaƙin ya bar fuskar rami, a yi mana sallama kafin a tayar," in ji muryar. "Kuma Alhaji ne zai yanke wayar da hannunsa, a gaban mutane."

Aka miƙa wa Alhaji filaya. Ya durƙusa cikin ƙasa da babbar rigarsa, sai a karo na uku wayar ta tsinke. Goni ya sa muryar ta rantse ba za ta koma jikin yarinyar ba, ko na wani.

"Na rantse. Mu ma muna da attajirai, Goni. Amma namu ba sa satar fitilar mai naƙuda."

Juwairiyya ta yi atishawa sau uku, ta faɗi jikin uwarta tana kuka da muryarta. Goni ya ƙi karɓar ragon da Alhaji ya ce a ɗaure masa, ya sha ruwan randa, ya hau babur.

Kwamiti bai tsige Alhaji ba, sai dai aka daina kiransa taro. Bayan sati guda, da hantsi, aka gan shi tsaye a ƙofar ɗakin batura, ya cire takalmi, yana tambayar ko zai iya kunna firigo ɗaya.

Sirajo ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama, wadda babu ko ɗigon gajimare a cikinta.

"Jira ƙarfe sha ɗaya, Alhaji," ya ce. "Masu niƙa ba su gama ba."