Mai Kujerar Baya

Rana ta kusa faɗuwa, matar Injiniya tana kwashe shanya, sai wani notin ƙarfe ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa ba. Sai wani ya faɗo, sannan wani, duk masu tsatsa, suna gangarowa har gaban ƙafarta. Tsakar gida kuwa babu kowa, sai tsohuwar motar jif da mijinta ya jawo, tana tsaye tana wari.

Injiniya makaniki ne, abokan gareji suka laƙaba masa sunan. Jif ɗin a wani kango ya samo ta, inda ta daɗe har ciyawa ta tsiro a cikin injinta. Burinsa ya tayar da ita, ya ƙara mata tsayi, ta ja da ƙafa huɗu ta shiga dajin da ba shi da hanya. Maƙwabta suna kiranta Gawa. Matarsa takan ce kowa fitar da gawa yake yi daga gida, shi kaɗai ne ya shigo da tasa.

Ya canja sifirin, ya yi waldar ƙasa, ya wanke tanki, ya ɗora wani inji. Abin da ya gagare shi shi ne kujerar baya. Sosonta ya ruɓe, ya yi laushi kamar naman da ya kwana, kuma kullum da ɗumi, ko da sanyin safiya. Ranar da aka fara jifa, da la'asar, ya tayar da injin har ya yi zafi, ya tsiyaye ruwan lagireto a bokiti, ya sheƙa shi yana tururi a kan kujerar don ya kashe tsutsa. Bai yi bisimilla ba, bai ce a kauce ba. Wanda ya saba da ƙarfe yakan manta da neman izini.

Daga nan kowace magariba sai an yi jifa. Bayan jifa, wani siririn kuka yakan fito daga cikin motar, ya ɗauke. Sannan abin ya koma kan Auta, ɗiyarsu ta ƙarshe, wadda ke koyon ɗinki. Ta daina cin abinci. Da duhu ya fara sauka, sai a tarar da ita a kujerar baya, ta kifa fuska cikin ruɓaɓɓen soso tana jijjiga kamar mai lallashin jariri. Guminta ya koma warin baƙin mai. Amanta baƙi ne, mai kauri, da ɓarɓashin tsatsa a ciki, ƙuda na binsa. Uwar ta wanke zannuwa har hannunta ya tsage, tabon bai fita ba. A asibiti ba a ga komai ba. Injiniya ya ce zazzaɓi ne zai wuce, ya koma ƙarƙashin motarsa.

Da ƙafarta uwar ta je ta ɗauko wani dattijon malami mai karatu a kan marasa lafiya. Ya shigo da magariba, ya toshe hanci da gefen rigarsa, ya zauna nesa kaɗan da tabarmar yarinyar, ya fara karatu a hankali. An daɗe. Can Auta ta miƙe zaune, wuyanta ya karkace, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai kujerar baya."

Ta ce a motar nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta yaye su. Da aka jawo su cikin gida ta haƙura. Ta haƙura da guduma, ta haƙura da wutar walda. Amma ruwan zafin nan a bayan ƙaramin ɗanta ya sauka, fatar ta saɓule.

"Ya ƙona mini auta, na ɗauki tasa."

Malam ya tuna mata da Allah, ya ce yarinyar ba ta zuba wa kowa ruwa ba. Aljanar ta nemi a bar mata yarinyar shekara guda, ya ƙi. Ta nemi ido ɗaya, ya ƙara ƙarfin karatu har jikin yarinyar ya kama rawa. A ƙarshe ta ce a mayar mata da motar kangonta, yadda take, a bar ta can har abada, ita kuma ta fita yanzu.

Uwar ta ce sun yarda tun Malam bai juyo ba. Malam ya dubi maigidan. Injiniya yana tsaye bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma. Ya waiwaya ya kalli motar, ya yi gyaran murya.

"Malam, a ɗan tambaye ta, ko kujerar kaɗai za ta ishe ta. Injin nan ban daɗe da ɗora shi ba."

 Malam ya sunkuyar da kai. Aljanar ta daɗe tana kallon mutumin ta idon ɗiyarsa, sannan ta tofar da baƙin yawu a ƙasa.

"Malam, ni saboda ɗana na baro gidana na shiga jikin mutum. Ya riƙe ƙarfensa. Ba zan koma abin da hannunsa ya taɓa ba, kuma ba zan ƙara kwana cikin jininsa ba."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube. Malam ya yi addu'a, ya ɗauki takalmansa, ya fita bai yi wa maigidan sallama ba.

Da Auta ta buɗe ido, ta nemi ruwa. Injiniya ya yi sauri ya ɗebo, ya durƙusa yana murmushi, yana cewa ga shi komai ya wuce, ba a rasa komai ba. Ta dubi kofin, ta dubi baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa, ta kawar da kai.

"Baba, ai ina ciki. Ina jin abin da ka ce."

Uwarta ta ɗauko wani kofin ta ba ta, ta sha. Shi kuwa yana nan durƙushe da nasa a hannu.