Kwamfutar da Yaya Ya Haɗa

Auta ta shiga shagon gyaran kwamfuta rungume da wani baƙin akwati, ta lulluɓe shi da zanin gado. Ba ta ko ganin gabanta sosai, sai da ta yi karo da benci.

"A hankali, Hajiya," in ji mai gyaran, ya taso ya tallafa mata. Dogo ne siriri, da sukudireba maƙale a kunnensa kamar biro. Auta ta ga haka ta kusa yin dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ta yayana ce," ta ce. "Shi ya haɗa ta da hannunsa. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa, tun ranar take cikin sito."

"Allah ya jiƙansa. Kin jona ta da wuta?"

"A'a."

"Kin kyauta. Wadda ta daɗe tana barci ba a tashinta da ƙarfi."

Sai ta gaya masa abin da ya kawo ta. Burin Yaya shi ne ya zama mai gabatar da shiri a rediyo, kullum yana ɗaki yana naɗar muryarsa a kwamfutar nan. Makon da ya wuce Mama tana ninke kaya ta ce, "Auta, na fara manta muryarsa." Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan ciwo. Shi ya sa Auta ta sato akwatin ba da sanin Mama ba.

Ya kwance murfin. Ƙura ta yi wa fankar gemu, gizo-gizo ya kafa gida a kusurwa. Amma wayoyin ciki a ɗaure suke tsaf, kowane dami da robar ɗaure gashi, ja da ruwan hoda.

"Robobina!" Auta ta dafe baki. "Ashe shi ne ɓarawon! Na sha faɗa a kansu."

A jikin ƙarfen kuma ga salatif da rubutun Yaya: *Auta, kar a taɓa.*

Dariya ta fara, ta ƙare da hawaye. Mai gyaran ya juya yana neman burushin da ke hannunsa, har ta gama share fuska.

Daga ranar kullum sai ta biyo in ta tashi aiki, wai duba yadda gyara ke tafiya. Ya kaɗe ƙurar, ya canja ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga, ya ciro ram, ɗan allon ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya goge haƙoransa da abin goge fensir. Robobin kuwa ko ɗaya bai tsinka ba. Ita tana ce masa Injiniya, shi yana ce mata Madam Kar-a-taɓa.

"Madam Kar-a-taɓa, yau fanka ta juya," ya rubuto mata wata safiya. "Saura ke ki juyo ta nan."

"Injiniya, ka yi aikinka," ta mayar. "Ƙarfe huɗu ina hanya."

Kafin wata ya cika ya ce mata yana sonta, kansa a sunkuye yana ɗaure noti. Ta ce noti yake gaya wa ko ita? Ya ɗago ya maimaita.

A gida kuwa akwai ɗan ƙawar Mama, ma'aikacin banki, mai turare da mukullin mota a yatsa. Mama shi take so wa Auta. Da ya ji labarin akwatin, sai ga shi da sabuwar kwamfutar cinya a kwali. "Ki rabu da wancan tsohon ƙarfen," ya ce. Auta ta yi godiya, ba ta ko buɗe kwalin ba.

Ran wata Laraba ta isa shagon Injiniya ya fita sayo kaya. Kwamfutar Yaya na kan tebur, a kunne. Ta matsa kusa da murna. Ta kama linzamin tana neman hoton da Yaya ya sa a allo, shi da Mama. Babu. Ta buɗe nan, ta buɗe can. Babu hoto, babu murya, babu ko sunansa. Wayam, kamar yau aka sayo ta.

Yana shigowa ya ga fuskarta, ya tsaya cak.

"Ina kayan Yaya?"

"Auta... ban so ki gani yanzu ba."

"Ka goge?"

"Ki zauna in..."

Ba ta zauna ba. Ta fizge wayar daga soket, ta rungumi akwatin ta fita, yana kiranta ba ta waiwaya ba. Tana cikin mota saƙonsa ya shigo: "Ki yafe mini. Ya kamata in gaya miki tun farko." Ta karanta sau biyu, ta toshe lambar.

Dole ta faɗa wa Mama gaskiya. Mama ta dubi akwatin ta ce, "Shekara biyar ina tsoron kunna ta, amma na san yana ciki. Yanzu kin kai an kashe mini shi karo na biyu." Ta ƙara da cewa wanda ya yi wannan aikin ba zai taka mata gida ba.

Mako bakwai Auta ta yi kamar ba ita ba. Ta rame, ta daina hira. Mai banki na zuwa yana zuba labarin mota, ita tana kallon tabarma. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har yanzu in huɗu ta yi sai ta duba agogo. Tana jin haushinsa, tana kewarsa, kuma ba wanda za ta gaya wa.

Ran Asabar da hantsi aka yi sallama. Injiniya ne, ya fi ta ramewa, riƙe da wata 'yar leda.

"Kai ne?" in ji Mama daga bakin ƙofa. "Koma inda ka fito."

Ya durƙusa. "Mama, minti goma kawai. In kin ce in tafi bayan nan, ba za ki ƙara ganina ba."

A falo ya yi bayani. Ƙa'idarsa ce, ba ya tayar da tsohuwar kwamfuta da faifan ajiyar mai ita a ciki. Sai ya cire shi ya sa nasa da babu komai a kai, don ko wuta ta yi ɓarna kada ta taɓa ajiyar mutane. Nasa ne Auta ta gani. Na Yaya kuwa da ya gwada shi daban, sai ya ji yana ƙas-ƙas, ƙarar faifan da ke mutuwa.

"Kullum ta shigo tana murmushi sai in kasa faɗa. Na ce bari in ceto wani abu tukuna. Laifina ke nan." Ya ɗaga ledar hannunsa. "Mako bakwai ina kwashewa kaɗan-kaɗan. Hotunan sun tafi, Mama. Shirye-shiryensa ma sun tafi. Abu ɗaya na samu, bai kai minti guda ba."

Ya ciro faifan da ya kwashe muryar a kai daga ledar, ya sa a akwatin, ya jona shi. Fanka ta juya. Ya danna.

"Gwaji, gwaji. Masu sauraro barkanmu da..." Muryar Yaya ce, da 'yar dariyar nan tasa. Sai a cikin naɗin aka ji wata murya daga nesa tana ƙwala kira, muryar Mama, wai abinci na hucewa.

"Na'am, Mama! Ga ni nan zuwa!"

Kujera ta yi ƙara. Shi ke nan.

Mama ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta dafa akwatin da hannu biyu. Kukan da ta riƙe shekara biyar ya ɓalle, Auta ta rungume ta suna yi tare. Injiniya ya miƙe a hankali ya nufi ƙofa.

"Ina za ka?" in ji Mama, ba ta ɗago ba. "Dawo ka sake sa mini."

Sau tara ya sa. A na ƙarshe ta share ido da gefen mayafi ta dube shi, ta dubi 'yarta da ke satar kallonsa.

"Ka turo manyanka wajen kawunta," ta ce. "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Da yamma Auta ta buɗe lambarsa. "Injiniya, ka yafe mini."

"Madam Kar-a-taɓa, ni ne da neman yafiya. Daga yau ko mai ɗaci ne zan faɗa miki."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, aka mayar wa mai banki kwalinsa ba a buɗe ba. Ranar da za a kai amarya, Auta ta ce a bar kwamfutar a ɗakin Mama. Ango da kansa ya jona ta kusa da gado, ya nuna wa Mama inda za ta danna. Mama ta sa musu albarka, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ta raka su har bakin mota.

Da gidan ya yi shiru ta koma ɗaki, ta zauna, ta kira sunan ɗanta a hankali, sannan ta danna.

"Na'am, Mama! Ga ni nan zuwa!"