Iyo a Kan Gungume

Allah, wanda zukata ke hannunsa, ya ƙaddara haɗuwar Zayyad da Raihana a mashigin gulbin Gummi, cikin daminar 2007. Zayyad mai fito ne, da iyo yake ƙetarar da mutane da kayansu a kan gora. Ranar nan ruwa ya fizgi maraƙin Malam Haladu, mahaifin Raihana. Zayyad ya faɗa ya tsamo shi, amma ya fito da kafaɗa a goce. Raihana ce ta miƙa ƙyallen da ta rufe ƙwaryarta da shi, aka rataye masa hannun. Suka dubi juna sau ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai.

Maɗori ya mayar da ƙashin, ya karɓi alkawarinsa: kwana sittin ba zai shiga ruwa ba. A cikinsu ne magabatansa suka kai gaisuwa gidan Malam Haladu.

Gudun kada jikinsa ya mutu, Zayyad ya riƙa gudu a rairayi bayan asuba. Bayan la'asar kuma sai ya kifa ciki a kan gungume a bakin gulbi, yana harba ƙafafu, yana wulwula lafiyayyen hannun, yana riƙe numfashi gwargwadon istigfari talatin a zuci.

Makau, wanda shi ma yake neman Raihana, ya hange shi. Kafin Juma'a magana ta cika gari cewa iskokin ruwa sun taɓa Zayyad, iyo yake a tudu.

Saƙon Raihana ya shigo wayar Zayyad: "Gwanina, Baba ya ce za a maido muku goronku. Inna na ba shi haƙuri. Ni na san lafiyarka lau, amma na kasa cin abinci."

Ya amsa: "Sanyin idona, ki ci abinci, ki riƙe addu'a. Saura kwana tara."

Washegari Malam Haladu ya iske shi a kan gungumen, Makau na biye.

"Mi kake yi haka, Zayyad?"

Ya sauko ya durƙusa. "Baba, jikina nike riƙo, kada in koma ruwa da rauni."

"An ce tsoron gulbi kake, don waɗanda ke cikinsa sun kira ka. Ga shi nan. In lafiyarka lau, shiga in gani."

Makau ya ce, "Ai ba ya iyawa, Baba. Gwanin tudu kenan."

Zayyad ya dubi ruwan. Zai iya ƙetarewa, ya kuma san kafaɗar na iya lalacewa har abada. In ya ƙi, ya rasa Raihana.

"Ka gafarce ni, Baba. Na yi wa maɗori alkawari da sunan Allah, saura kwana takwas. Ko za ka hana mini ita, ba ni karya shi."

Dattijon ya juya ga Makau. "Ka taɓa ganin mai taɓin iska yana ƙirga kwanan alkawari? Ka tuba, ka ci naman ɗan'uwanka." Ya ce wa Zayyad, "Da ka shiga, da na hana ka. Wanda ya karya na maɗori, zai karya nawa."

Ranar da wa'adi ya cika, Zayyad ya yi bisimilla ya ƙetare gulbin, Raihana na tsaye a gaɓa tana share hawaye. Bayan girbi aka ɗaura aure, maraƙin nan yana cikin abin da uban ya ba 'yarsa.

Allah ya sanya albarka a gidansu, ya sa mu cikin masu cika alkawari.