Hular Da Bai Taɓa Sawa Ba

"Ki daina zuwa, Mardiya."

Saura kaɗan kular abincin ta suɓuce daga hannunta. Awa huɗu ta yi a layin gidan yari cikin ranar Alƙahira, masu gadi sun caccake mata tuwo da cokali suna neman abin da ba ta ɓoye ba, sannan da wannan maganar zai tare ta?

"Me ka ce, Abdulhadi?"

"Shekara goma aka yanke mini, biyu kawai na ci. Abbanki ya yi gaskiya... ki yi aurenki."

"Kalle ni ka sake faɗa!"

Bai iya ba. Ya sunkuyar da askakken kansa yana kallon siminti.

Abdulhadi ɗalibin fiƙihu ne, mutumin da ko kyanwa ce ta tare masa hanya sai ya ce mata ma'alish, wato yi haƙuri. Su shida suke haya a gida ɗaya a unguwar Madinat Nasr. A ƙarshen 2011, lokacin da gari ya rikice, wani ya fasa wa mai shagon waya kai a unguwar Faisal ya gudu, hularsa ta faɗi a wurin. Da aka juya cikinta sai ga suna ɗinke da koren zare: Abdulhadi Ishaq. 'Yan sanda suka ce, "Taka ce?" Bawan Allah da bai iya ƙarya ba ya ce tasa ce. Mai shagon kuwa, Balaraben da duk baƙar fuska ɗaya ce a idonsa, kallo ɗaya ya yi ya ce shi ne.

Mardiya ce ta ɗinka hular. Wata uku tana tsikarin yatsunta tsakanin laccocin harhaɗa magunguna a Giza.

"Ni na ɗaure ka, masoyina," ta faɗa hawaye na zuba. "Da allurata da zarena. Ta yaya zan tafi in bar ka?"

Ya yi wani guntun murmushi.

"Hular da ko sau ɗaya ban ɗora a kaina ba..."

"Ai na lura. Na ɗauka ba ta yi maka kyau ba ne, har kuka na yi."

"Haba ƙalbina! A ƙasan akwati na ajiye ta cikin ledarta. Na yi alkawari sai ranar ɗaurin aurenmu. Kunya ce ta hana ni faɗa miki."

Kukan ya tsaya mata cak.

"Ko gwadawa ba ka yi ba?"

"Wallahi ko gwadawa. Na faɗa a kotu suka yi mini dariya. Kin san mu, ranar Juma'a kowa ɗaukar hular ɗan'uwansa yake yi ba tambaya. Ban san wanda ya buɗe akwatin ba."

Shekara biyu! Abba ya hana ta zuwa kotu, shi kuma gogan kunya ta rufe masa baki. Ji ta yi kamar ta shaƙe shi, ta kuma ji ba ta taɓa son sa kamar yau ba.

"Abdulhadi, duk wanda ya sa hula sai ya bar mata gumi da gashi. Mun karanta wannan a aji. In aka yi gwajin DNA, ba za a same ka a ciki ba!"

Daga nan motar haya ta hau, kai tsaye ofishin Ustaza Mahasin, lauya Bahaushiyar Sudan mai kaifin baki da taushin zuciya.

"Ya binti, 'yata, zauna ki sha shayi tukuna," in ji ta. "Wanda aka gama yanke wa hukunci ba haka kawai yake cewa a gwada a gwada ba. Sai mun roƙa, kuma za su iya cewa a'a."

Suka ce a'a ɗin kuwa. Takarda ta farko ta dawo da layi ɗaya: an rufe shari'a. Ta biyu wata biyar tana yawo daga tebur zuwa tebur, kowa na cewa a dawo gobe. Mardiya ta san kowace matakala ta ginin nan fiye da ta gidansu.

A gida ma ba sauƙi. Abba ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, mutum mai tsoron abin da zai taɓa sunansa.

"'Yata a ƙofar kurkuku da kular tuwo! Kin san abin da mutane ke faɗa?"

"Abba, ba shi ya aikata ba."

"Kowane ɗan sarƙa haka yake cewa. Ga Sagiru nan, yaro mai hankali, kullum sai ya zo gaishe ni."

Sagiru abokin hayar Abdulhadi ne. Tun satin da aka yanke hukunci ya fara sintiri gidansu da ledar dabino da muryar tausayi. Ranar da ya ji batun gwajin, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ki bar tone-tonen nan, ƙanwata. Wahalar da kanki kawai za ki yi."

"In wahala ce ai tawa ce, Malam Sagiru. Kai me ya sa kake gumi?"

Ya miƙe, ya ce yana da darasi.

A karo na uku, tsakiyar 2014, wani alƙali mai furfura ya karanta takardar har ƙarshe. Ya cire tabarau ya dubi Mardiya.

"Ke kika ɗinka?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"A ɗauko hular daga ɗakin ajiya. A gwada."

Har yau ba ta yin sallah ba ta sa dattijon nan a addu'a ba.

Sati bakwai ana jira. Ranar wata Talata da hantsi Ustaza Mahasin ta kira.

"Mabruk ya binti! Gumi da gashin na wani namiji ne daban. Babu Abdulhadi a ciki, ko ɗigo!"

Mardiya ta zube a tsakar falo ta yi sujada, tana kuka tana dariya. Da aka kira sauran 'yan gidan hayar su ba da yawunsu a gwada, huɗu suka je. Sagiru kam tuni ya haɗa jakarsa ya bar ƙasar, ko sallama babu.

Abba ya kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ita. Ranar sakin, ta fito da mayafinta sai ta tarar da shi a mota ya tayar da inji.

"Yalla, shigo. Kada mu sa shi jira."

Abdulhadi ya fito a rame, yana ƙifta ido, kansa ba komai. Ya durƙusa zai gaida Abba, Abba ya riƙo kafaɗunsa ya ɗaga shi. Sai ya cire hular kansa, a gaban masu gadi da jama'a, ya ɗora masa.

"Ka yafe mini, ɗana."

"Abba... ni ke da godiya."

"Ba ni za ka gode wa ba. Ga ta can, mai taurin kan."

Bayan Sallah Babba aka ɗaura aure. Da safiyar ranar ta aika masa da sabuwar hula, ɗinkin hannunta, sai ga wayarsa.

"Amaryata, na duba ciki ban ga sunana ba."

"Khalas, na tuba da rubuta suna!"

"To yaya za a gane tawa ce?"

Ta share hawayen da ke neman ɓata mata kwalli.

"Sa ta yanzu, Abdulhadi. Ka sa ta kullum, har ta jiƙe da guminka."