Jirgin Malam Zakariyya'u da Bai Taɓa Ruwa Ba

Magariba ta kawo jiki a Tudun Wada, hayaƙin girki ya kwanta a kan rufin gidaje, masu shaguna suna jawo ƙofofinsu. Malam Zakariyya'u yana zaune a falo da hantsaki a hannu, yana ɗaura zare a jikin wani ɗan tsinke. Ladan ya kira salla, bai ɗago ba. Matarsa Hajiya Uwani ta leƙo ta ce buta tana bakin ƙofa, ya ce "To," irin wadda ake faɗa don mutum ya tafi. A daidai lokacin ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Jirgin ruwa yake haɗawa. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, iyakar saninsa da ruwa shi ne Kogin Kaduna, shi ma daga kan gada. Tun da masaƙar da yake wa aiki a Kakuri ta rufe, sa'anninsa suka kama kiwon kaji ko zaman majalisa, shi kuwa ya ga hoton wani jirgin Turawan da a tsohuwar kalanda, ya rantse sai ya yi irinsa da katako. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, amma ya cinye masa shekaru. Ya yi masa tagogi, ya yi masa tsani da tsinken sakace, ya yi masa 'yan ganguna da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Har ƙofofi gare shi masu buɗewa da rufewa, da ƙarfen da ya yanko daga gwangwanin madara.

A gidan nan kuma akwai ƙofa ta gaske, ta ɗakin 'yarsa Maimuna, wadda ta ɓalle ta gefe guda tun daminar bara waccan. Yarinyar tana karatun aikin jinya, ba mai yawan magana ba ce. Kullum sai ta ɗaga ƙofar ta jingina, ta tokare ta da turmi daga ciki. In ta ce, "Baba, ƙofar nan," sai ya ce, "Bari in gama wannan." Wannan ɗin kuwa ba ya ƙarewa.

Dutse na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, sai ga su kamar ana zazzage buhu a kan rufin. Maimuna tana tsakar gida tana wanke-wanke, ba abin da ya raba kanta da sama. Malam Zakariyya'u ya miƙe da saurin da ba a san shi da shi ba, ya tuɓe babbar rigarsa, ya lulluɓe jirgin, ya rungume shi. Sai da jifan ya lafa ya fito yana tambayar ko 'ya'yan waye.

Ba 'ya'yan kowa ba ne. Duwatsun sumul suke, jiƙe sharkaf, suna warin laka, alhali an yi makonni ba a ga hadari ba. Hajiya Uwani ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta yar, ta goge hannunta a zani.

Daga ranar, duk magariba sai an yi. In jifan ya tsaya, sai gidan ya yi tsit, irin shirun da har kajin maƙwabta ba sa motsi a cikinsa. Can sai a ji wani sauti daga falo, a hankali, kamar mutum yana tuƙa kwale-kwale, yana tsoma itace a ruwa yana ɗagowa. Wata safiya Malam Zakariyya'u ya tarar da ruwa kwance a cikin jirginsa, ruwa mai laka, har da ɗan gansakuka. Ranar unguwa ta ji muryarsa. Ya zargi matarsa, ya zargi 'yarsa, ya zauna da auduga yana tsane ruwan, idonsa ya yi ja. Gam ɗin da ya yi aikin da shi ba ya shiri da ruwa, jirgin na kallo ne.

Maimuna ta daina zuwa makaranta. Ta daina cin abinci sai an matsa mata. Takan zauna kusa da randa, ƙafafunta cikin baho, ta ƙura wa ƙofar falo ido har rana ta faɗi. In ta taka siminti sai sawunta ya fito a jiƙe, ko da ta yini a kan tabarma. Da uwarta ta kai wa Malam Zakariyya'u maganar, yana goga wani ɗan katako, ya ce zazzaɓi ne, a sayo mata magani a kemis.

Sai wata magariba ya ji falon ya yi sanyi. Ya ɗago. Maimuna ce tsaye a bakin ƙofa, kanta babu ɗankwali, ruwa yana ɗiga daga yatsunta. Ta buɗe baki, muryar wani tsoho ta fito, mai kauri, mai gajiya.

"Ka dawo mini da gadona."

Hantsakin ya faɗi daga hannunsa. Tsoro ya kama shi har cikin ƙashi, domin ya san gadon da ake nufi.

Lokacin da zai fara aikin, ya je wurin Shekari, tsohon abokin aikinsa a masaƙa wanda ya koma kafinta a unguwar Television. Ya ce yana neman katakon da ya gama bushewa, wanda ba zai lanƙwashe ba, don ya yi ƙashin bayan jirgi. Shekari ya ce a cikin raha, in dai irin wannan ne, sai na mataccen kwale-kwalen nan da ke kife a bakin kogi. Da ya ga idon abokinsa ya yi haske, sai ya daina dariya.

"Zakari, wasa nake yi fa. Masuntan wurin ba sa taɓa shi, ko a murhu ba sa sawa. Inda kwale-kwale ya mutu, nan suke barinsa ya ruɓe. Suna cewa wanda ya tuƙa shi ya gama, saura na masu wurin."

"Kai da kake zuwa coci duk Lahadi, kai ne da wannan camfin?" in ji Malam Zakariyya'u.

Ya bari sai da rana ta yi ja, masunta sun watse, ya sauka da zarto a cikin buhu. Ko bisimilla bai yi ba, hankalinsa yana kan kada a gan shi. Ya yanko katakon ƙasa, baƙi wuluk, mai nauyi. A kansa ya kafa komai, haƙarƙari da bene da sanduna, ya manne ya buga ƙusa. Ba yadda za a zare shi sai an rushe jirgin gaba ɗaya. Saboda haka da Hajiya Uwani ta riƙe Maimuna tana kuka tana tambaya wane gado, sai ya ce shi ma bai sani ba.

Hajiya Uwani ce ta aika wa yayanta, shi kuma ya zo da Malam Auwal daga Makera. Siririn mutum ne, malamin islamiyya, bai zo da turare ko ƙwarya ba, sai carbi da gorar ruwa. Ya iso bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarma a falo, aka zaunar da Maimuna, uwarta ta riƙe kafaɗunta. Malam Zakariyya'u ya ɗan ja teburin jirgin zuwa lungu, kada wani ya ture shi. Malam Auwal ya ga haka, ya kau da kai.

Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Inuwa ta yi tsawo a tsakar gida, hasken taga ya koma ja, ya dushe. Ba a yi jifa ba ranar. Can jikin yarinyar ya sandare, kanta ya karkata, ta yi wani dogon nishi wanda ba nata ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Waye kai?"

"Sunana ya girmi kakanka. Tambayi abin da ya kawo ni."

"Me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Kwale-kwalen nan ya ɗauki amare, ya ɗauki gawa, ya ɗauki buhunan masara. Da ya gaji aka kife shi, na shiga na zauna, ban tsare wa kowa hanya ba. A kan katakon ƙasa nake kwana. Wancan ya zo da zarto." Hannun Maimuna ya ɗaga ya nuna ubanta. "Na biyo abina, na tarar an mai da shi kayan wasan yara. Jirgi mai tsoron ruwa! Na ɗan zuba masa don in ji daɗin kwanciya, sai ga ƙaton tsoho da auduga yana shirin kuka."

Hajiya Uwani ta juyo ta dubi mijinta. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"An zalunce ka," in ji Malam Auwal, "amma ba ita ta zalunce ka ba. Fita."

"A yanka mini baƙin rago a bakin ruwa."

"Ko ɗan tsako ba za a yanka maka ba."

"To a bar mini ita."

Malam Auwal ya koma karatu. Yarinyar ta yi ƙara, ta banƙare, gumi ya jiƙa rigar uwarta. Muryar ta dawo tana haki.

"Tsaya! Na ji. A mayar mini da katakona inda aka ɗauko shi. Shi ke nan, in tafi."

"Wannan haƙƙinka ne," in ji Malam Auwal. Ya juya. "Malam Zakariyya'u, ɗauko guduma."

Gudumar tana nan kan tebur, hannu kawai zai miƙa. Ya dubi jirgin. Ya dubi zaren da ya yi watanni yana ɗaurawa, da 'yan ƙofofin, da tsanin tsinken sakace. Ba wai ba ya son 'yarsa ba ne, shi dai a ransa yana ganin dole akwai wata dabara. Ya gyara murya.

"Allah gafarta Malam, ba za a iya sama masa wani katakon ba? Akwai maɗaci mai kyau a wurin Shekari. Ko in haɗa masa wani jirgin daban, nasa na kansa."

Hajiya Uwani ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," can ƙasan maƙoshi.

Sai dariya ta fito daga bakin Maimuna, busasshiya, ta yi tsawo, ta yanke.

"Malam, huta da karatunka, zan fita. A wurinmu in an ɗauki naka, kai ma sai ka riƙe abin da ya fi tsada a gidan, har a zo a yi musaya. Shi ya sa na kama yarinyar nan. Ashe ni ne ban iya kamu ba. Ranar da na fara jifa ina kallo, tana tsakar gida, shi kuwa katako ya rufe da riga. Na ce ruɗewa ce. Na zauna a ɗakinta, na ga turmi ne ke tsare ta, alhali ƙofofin abin wasan can har sakata gare su. Na ce talauci ne. Yau na ji da kunnena." Idanun suka tsaya a kan Malam Zakariyya'u. "Riƙe katakon, na bar maka. Na fi ƙarfin kwana a gidanka."

"Ka yi alkawari ba za ka dawo ba," in ji Malam Auwal.

"Ko an roƙe ni. Abu ɗaya dai, mai jirgi. Ban toshe mata kunne ba. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, ta ji."

Maimuna ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta faɗa kan cinyar uwarta. Warin lakar nan ya ɗauke. Daga nesa aka ji ladan yana kiran magariba, kajin maƙwabta suka fara motsi. Da ta buɗe ido ta nemi ruwan sha da muryarta ta kullum. Ta dubi uwarta, ta dubi Malam Auwal ta gaishe shi. Ba ta dubi lungun da teburin yake ba.

Malam Auwal ya faɗa wa Hajiya Uwani addu'o'in da za a riƙa yi safe da yamma, ya sa takalminsa. Maigidan ya biyo shi zaure yana godiya, yana ƙoƙarin bayani. Malamin ya ce salla za ta wuce shi, ya tafi.

Malam Zakariyya'u ya dawo falo, ba kowa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya ɗauki gudumar. Bugu kaɗan ya isa, abin da ya ci shekaru ya zama tarkace a kan siminti. Ya zaro baƙin katakon, ya hau acaɓa zuwa bakin kogi, ya lallaɓa cikin laka ya ajiye shi a gurbinsa, har da sallama wannan karon. Ba wanda ya amsa.

Ya iso gida ana fitowa daga sallar isha'i, ƙafafunsa duk taɓo. Ya kwashi ƙusoshi da gudumar, ya tsaya a ƙofar ɗakin 'yarsa. Tana zaune a bakin gado da kwanon tuwo, tana ci a hankali.

"Maimuna, na fasa shi. Na mayar masa da katakon. Kawo in gyara miki ƙofar nan."

Ta ajiye kwanon, ta taso, ta ɗan rusuna kamar yadda aka koya mata.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ai da ka bar abinka, ya riga ya tafi."

Ta kama ƙofar da hannu biyu, ta ɗaga ta, ta jingina a gurbinta. Yana tsaye da ƙusoshi a tafin hannu, ya ji tana jawo turmin daga ciki.