Saiwar Mohand

Rana ta gangara bayan tafkin Wular, hayaƙin girki ya kwanta a kan gidajen Bandipur, Rahti na tsugune tana hura gawayin tukunyar shayi, sai dutse na farko ya faɗo. Ba daga waje aka jefo shi ba, domin tagogi a rufe suke, ƙofa kuma a sakaye. Daga rufin ɗakin ya sauko, ya daki katako, ya gangaro a hankali har gaban ƙafarta. Ta ɗauka ta juya shi. Fari ne sumul, a jiƙe, da wani sanyi mai shiga ƙashi. Duk garin babu irinsa, sai can saman tudun Tragbal, inda mijinta ya sauko kwana biyu da suka wuce.

Mijin, Subhan, yana ta kusurwarsa ya duƙufa a kan takarda. 'Yarsu Zuni, mai shekara goma sha huɗu, tana tsinke ganyen miya. Dutse na biyu ya faɗo, na uku ya bi shi, sannan gidan ya yi tsit har ana jin tafasar shayi.

"Baban Zuni," in ji Rahti, "me ka ɗauko mana a tudun nan?"

"Abin da kika aike ni," ya ce, bai ɗago kai ba.

Gaskiya ya faɗa, ita ta aike shi. Shekara shida ke nan da Rahti ta binne ɗanta mai suna Lassa. Zazzaɓi ne ya kama shi, ta je layin masu magani ta sayo saiwar patris, wadda kowace uwa ke ba ɗanta. Ta wanke, ta daka, ta gauraya da zuma, ta lallaɓa shi ya buɗe baki. Jim kaɗan yaron ya ce tururuwa na yawo a harshensa. Kafin la'asar an rufe masa fuska. Ashe mohand ce a cikin ƙullin, 'yar'uwar patris a ido, ajali a ciki. Mai maganin da ya sayar mata ya fi ta kuka, shi ma a hannun wani ya saya, wanda ya haƙa cikin hazo. Mutane suka ce ƙaddara, Rahti ta ce ta yarda, amma ƙaddarar ta bi ta hanyar rashin sani, kuma wannan hanya tana toshuwa.

Subhan mai zanen furanni ne a jikin akwatunan ado. Wani Bature mai tattara tsirrai ya taɓa ɗaukarsa aiki damina biyu, ya koya masa wani irin zane da ba na ado ba: a kwantar da tsiro gaba ɗayansa a kan farar takarda, ganye, fure, iri da saiwa, ba ƙari ba ragi. Baturen ya tafi da takardunsa, hannun ya zauna. Tun da Rahti ta ga irin wannan zane ta hana mijinta sakat. Ya zana patris, ya zana zaƙami da wasu miyagun tsirrai biyu, don a rataye a layin masu magani. Mohand kaɗai ta rage, sai bana ya yi ƙarfin halin hawa tudun da take fitowa.

To, ita mohand saiwarta biyu ce a manne, tsohuwa mai yamutsewa da sabuwa mai ƙiba. Makiyayan tudu suna ce musu uwa da 'ya. Duk wanda zai haƙa sai ya yi sallama, ya ɗauki ɗaya, ya bar ɗaya a ƙasa don baɗi. Subhan ya san wannan sarai. Amma mai zane yana son abu cikakke, don haka ya tumɓuke su duka biyun, ya naɗe da gansakuka, ya sauko abinsa ko sallamar bai yi ba. Yanzu ga ta nan a cikin kasko kusa da taga, furanninta shuɗaye sun sunkuyar da kai kamar mata cikin lulluɓi.

Magariba ta biyu duwatsu suka ƙaru. Ta uku aka ji ana tafiya a ɗakin sama inda suke shanya kabewa, takun tsohuwa mai jan ƙafa. Ta huɗu wata murya ta yi magana, can ƙasa-ƙasa, kamar mai kiran akuya, kuma sunan Zuni take kira. Maƙwabta suka daina aiko a ɗebar musu wuta. Subhan ya gama ganye, ya gama fure, furen da in ka gani sai ka kai hanci. Da ya zo kan saiwa, wadda ya yi ta jujjuyawa da hannu tsirara, sai yatsunsa suka sage. Alƙalamin gashin da yake zane da shi ya riƙa suɓucewa yana faɗuwa.

Rana ta shida da azahar Rahti ta dawo daga rafi ta tarar da Zuni tsaye a gaban kaskon. Yarinyar ta zare saiwar, ta dunƙule ta a hannun dama. Idonta a buɗe yake, amma ba ita ke kallo ta cikinsa ba. Maza uku suka yi ƙoƙarin buɗe hannun, ko yatsa ɗaya bai motsa ba. A nan ne aka tafi kiran Pir Akram Shah, malamin da ke fitar da aljanu.

Pir ɗin tsoho ne ɗan ƙanƙani, ba ya son surutu. Ya iso bayan la'asar, ya dubi duwatsun da aka tara a kwando, ya dubi takardar, ya dubi Subhan wani irin kallo har Subhan ya sunkuya. Ya sa aka zaunar da yarinyar tana fuskantar alƙibla, ya zuba turare a kaskon wuta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka-toka, sannan Zuni ta saki wata dariya busasshiya ta tsohuwar da ba ta da haƙori.

"Ya isa haka, ɗan malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan da aka yi wa sata."

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakan kakanka sanin alƙibla."

"To me ya haɗa ki da yarinyar da ba ta taɓa taka tudunki ba?"

"Tambayi ubanta. Shuka ce a bakin ƙofata, tana kore mini awaki da mutane tun kafin a kafa garin nan. Makiyayi in ya zo, ya yi sallama, ya bar mini 'ya. Wannan mai shafe-shafen launi ya kwashe har 'yar. Ya ɗauki tawa, na ɗauki tasa."

Pir Akram ya gyaɗa kai. "An yi miki laifi. Faɗi abin da za a yi ki fita."

"A mayar da shukata inda aka cire ta. Takardar can kuma a sa mata wuta ina gani. Abin da aka zana an tona asirinsa. Yau ku rataye a kasuwa, gobe masu neman guba su hau mini da fartanya."

Subhan bai jira an maimaita ba. Ya rarrafa ya ɗauki takardar da tafukansa biyu, tunda yatsun ba sa kamawa, ya nufi kaskon wuta yana hawaye. Pir bai hana shi ba, a ganinsa takarda ba ta kai ran mutum ba. Gefenta ya fara yin baƙi ke nan Rahti ta fizge ta.

"Ba za a ƙona ba."

"Rahti, don Allah," in ji mijin. "'Yarmu ce."

"Na san 'yar wa ce, ni na yi naƙudarta."

"'Yata," in ji Pir a hankali, "ba a yi da su da ƙarfi."

"Allah ya gafarta, Pir Sahib, ai ba da ƙarfi zan yi ba. Magana zan yi da ita, mace da mace."

Kada wani ya ɗauka ba ta ji tsoro ba. Amma shekara shida tana kwana tana tashi da wani abu da ya fi tsoro nauyi. Ta durƙusa gaban 'yarta, ta dubi baƙuwar da ke cikin idon.

"Ke tsohuwa, saurara. Shukarki mun ɗauka ba bisa ƙa'ida ba, kuma ni na aike shi. Da ƙafata zan mayar miki, in yi sallamar da bai yi ba. Amma zancen masu neman guba, ki bar shi. Mai neman guba ya san mohand tun tuni, ba ya buƙatar takarda. Iyaye mata ne ba su san ta ba."

"Ina ruwana da iyaye mata?"

Hannun Zuni ya fara tashi. A hankali ya taho, dunƙule, kan saiwar ya leƙo tsakanin yatsu, ya nufi bakin yarinyar, bakin kuma ya buɗe. Subhan ya kurma ihu. Pir ya ɗaga murya da karatu. Rahti ta kifa tafin hannunta a kan bakin 'yarta ta danne, haƙora suka nutse cikin namanta har jini ya gangaro ta gwiwar hannu, ba ta janye ba.

"Cije," ta ce. "Kina zaton yau na fara ganin wannan saiwa a bakin ɗana? Ni na wanke ta. Ni na daka. Na sa zuma don kada ya ji ɗaci, na ce masa yaron kirki. Wancan karon ba wanda ya sa hannu ya tare. Wannan karon sai kin bi ta kaina."

Karatun Pir ya yi ƙarfi, hayaƙi ya cika ɗakin, jikin yarinyar ya riƙa karkarwa. Sannu a hankali haƙoran suka saki. Hannun ya sauka kan cinya. Da muryar ta dawo, ta gaji.

"To riƙe takardarki. Amma gobe da sassafe shukata ta bar gidan nan, kuma yatsun da suka tono ta sun gama zane a duniya. Ki je ki rataye furenki. Wa ya taɓa sayen fure a wurin mai magani? Saiwa ake saya, ga shi wurinta fari fat."

"Ni zan zana ta."

Dariyar ta sake tashi. "Ke? Kin taɓa riƙe alƙalami?"

"Ban taɓa ba. Ina dai gaya miki tun yanzu, kada ki ce an yi miki ɓoye."

"Babu saiwar a gabanki fa."

"Ba ta taɓa barin gabana ba."

A waje ladan ya fara kiran magariba. Sai muryar ta yi tambaya, ba dariya a cikinta.

"Shekararsa nawa?"

"Uku."

"Ki hau kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya," in ji muryar. "Ɗan malam, buɗe mini taga."

Pir Akram ya tashi ya buɗe. Wata iska mai ƙamshin ciyawar tudu ta ratsa ɗakin ta fita. Yatsun Zuni suka warware ɗaya bayan ɗaya, saiwar ta faɗo a kan tabarma. Yarinyar ta lumshe ido ta buɗe, ta ga jini a hannun uwarta.

"Moji," ta ce, yadda ta saba kiranta, "wa ya ji miki ciwo?"

"Ba kowa. Tashi ki wanke hannu da toka, sau bakwai."

Kwana biyu Rahti ta yi tana hawa, ta bi wani ayarin makiyaya har suka nuna mata ramin. Ta yi sallama da babbar murya, ta dasa uwa da 'ya, ta jera fararen duwatsun da aka jefe ta da su a kewaye, ta sauko. Tun daga ranar ko tsakuwa ba ta ƙara faɗowa a gidan ba. Yatsun Subhan kuwa ba su dawo ba, ya yi baƙin ciki ƙwarai, ita ma ta yi masa, ba ta ɓoye ba.

Duk hunturun nan ta yi shi tana ɓata takardun gwaji. Zuni na dama launi, Subhan na zaune yana koyarwa da baki, wani lokaci da faɗa.

"Wannan saiwa ce ko ɓera?"

"Ɓeran da ya kashe mini ɗa. Yi shiru in gama."

Sai da ta yi sau ashirin da wani abu kafin ta yarda ta taɓa takardar gaske. Abin da ya fito ba kyakkyawa ba ne. Layin ya karkace, launin ya yi kauri. Amma komai na nan: tsinin gindin, duhun bawon, tabon ƙananan jijiyoyi, da yadda cikinta ke dafewa in an karya, saɓanin patris mai farin ciki kamar alli.

Da bazara aka rataye takardun a layin masu magani. Masu wucewa sukan tsaya su yaba furen, su yi dariyar saiwar, su ce maigidan barci ya kwashe shi a ƙasan takarda. Rahti takan ji su, ta wuce abinta.

Wata ranar kasuwa tana sayen gishiri, sai ta hangi wata ƙaramar mace goye da yaro mai tari. An auna mata patris a ƙulli. Matar ta zaro guda ɗaya, ta ɗaga ta kusa da zanen, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta karya ta da farce.

"Baba, wannan fa?"

"Duk patris ce, 'yata," in ji mai maganin. Ya karɓa ya duba, sai fuskarsa ta sauya. Ya zazzage buhun gaba ɗaya a kan tabarma ya fara tsincewa.

Yaron ya yi tari, ya leƙo ta kafaɗar uwarsa, ya zuba wa Rahti ido. Zai yi shekara uku. Ta tsaya tana kallonsa har uwar ta gyara goyo, suka shige cikin mutane.